Daga Ina Ka Auna? Tsayin Rufin Gida Tsakanin Kwamfuta da Bakin Aiki

Laccar da aka gabatar a Tamale ga ɗaliban zanen gini, magina, kafintoci da masu shirin gina gida

 



An ce in yi magana a kan yadda ake ɗora rufin gida a daidai tsayinsa cikin manhajar zanen gini. Da jin haka wani zai ce ai wannan zancen 'yan kwamfuta ne, me ya kawo magini ciki? Abin da ya kawo shi kuwa, duk lambar da yaro ya buga a kwamfuta, a hannun magini da kafinta take ƙarewa, daga nan ta faɗa aljihun mai gida. Shi ya sa na ji daɗi da na ga an haɗa ku wuri ɗaya, domin kuskuren rufi galibi a tsakaninku yake ɓuya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya duba.

Garin nan yana girma da sauri. Tun 1907 da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Gambaga suka kawo ta nan ake gini, amma irin na shekarun nan ba a taɓa gani ba. Ƙidayar 2021 ta sami mutum sama da 370,000 a ƙaramar hukumar Tamale, da sama da 340,000 a Sagnarigu. Wanda ya bi hanyar Bolga ko ta Yendi ko ta Nyankpala ya ga yadda gonaki suka koma unguwanni. Yawancin gidajen nan yanzu a kwamfuta ake zana su, da AutoCAD ko ArchiCAD ko Revit ko SketchUp, wasu kuma da Chief Architect. A nuna wa mai gida hoton 3D, ga fenti, ga mota a ƙofa, ga ciyawa shar kamar ba a rani a garin. Ya ce masha Allah, ya biya. Abin da bai tambaya ba, kuma ba a gaya masa ba, shi ne rufin nan mita nawa ne daga ƙasa, kuma daga wace ƙasar.

Ina nufin abin da na ce, daga wace ƙasar. A kowane gini akwai ƙasa uku. Akwai ƙasar fili yadda Allah ya yi ta. Akwai saman kankaren daɓe da magini ya zuba bayan an cike fandisho. Akwai kuma saman tayil, inda ƙafar mai gida za ta taka. Tsakanin ta farko da ta biyu ana iya samun santimita 45 ko 60, kuma a unguwannin da ruwa ke kwanciya ya kamata ma a fi haka, saboda ranar da aka zo aka yi kwalta da kwata, hanya ce za ta hau, gida ya koma rami. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai kamar santimita 5 na yashi da siminti da tayil. Manhaja tana da nata sifili guda ɗaya tak, kuma ba ta san wanne cikin ukun nan kake nufi ba sai ka gaya mata. Mai zane ya rubuta mita 3 yana nufin daga saman tayil, magini ya auna daga kankare, mai gida kuma yana tsaye a waje yana kallo daga ƙasar fili yana cewa ginin ya yi tsawo, a rage layi ɗaya. Kowa ya yi gaskiya, gida ya lalace. Don haka aikin farko, tun kafin a ja layin bango ko ɗaya, a tsayar da sifili a saman daɓen da aka gama, a rubuta shi a takarda, ranar fara gini kuma a ja shi da fenti a jikin wani ginshiƙi ko turken ƙarfe da ba zai motsa ba.

To mu hau sama. A nan ne ƙannena ɗalibai suka fi shan wahala, domin kowace manhaja da inda take kama rufi. Rufi ba shimfiɗaɗɗen abu ba ne, yana gangarowa, saboda haka in aka ce tsayinsa kaza, dole a faɗi a wane wuri. A Chief Architect, layin da ake dogara da shi yana bisa fuskar bango ta waje, kuma saman katakon rafta yake aunawa. A ArchiCAD akwai layin da rufi ke juyawa a kansa in ka sauya gangara, shi kuma ƙasan rufin yake riƙe. A Revit sai ka zaɓi benen da rufi zai zauna a kai, ka rubuta tazararsa daga wannan benen, sannan akwai wani ɗan zaɓi da mutane da yawa ba sa ko kallo, wanda ke tambaya ko rufin na rafta ne ko na tiros, wato ƙafafun katako masu kusurwa uku da ake haɗawa a ɗora. In ka ce rafta, daga fuskar bango ta ciki zai auna. In ka ce tiros, daga ta waje. A bangon inci 6 da gangarar digiri 30, wannan zaɓin kaɗai yana ɗaga rufi ko ya sauke shi da kusan santimita 9. Bambancin sama da ƙasan katakon tu-bai-sikis a wannan gangarar kuma ya kai santimita 17. Haɗa su biyu, ka sami layin bulo guda cur ya ɓace ko ya ƙaru, alhali babu wanda ya yi ƙarya. SketchUp shi ba ruwansa, abin da ka ja shi zai tsaya, ko da rufin yana shawagi a iska taƙi ɗaya sama da bango. Daga nesa ba za ka gane ba.

Ku kuma tuna inda aka ƙera waɗannan manhajoji. Revit da Chief Architect daga Amurka suke, ArchiCAD daga Hangari. Wadda aka yi domin gidajen Amurka tana zuwa da tunanin bangon katako, da ɗaki mai ƙafa 8 ko 9, da gangarar da ake rubutawa kaza cikin 12. In ka ga 6 cikin 12, kusan digiri 27 ke nan. 4 cikin 12 kusan digiri 18. 12 cikin 12 digiri 45. Na sha ganin yaro ya buga lamba a akwatin gangara bai duba ko digiri ake tambaya ko kaso ba, rufi ya fito kamar na coci ko kamar tire, ya zauna yana zagin kwamfuta. Sannan Chief Architect, in ka bar shi ya gina rufi da kansa, tsayin silin ɗin kowane ɗaki yake bi. Ka rage silin na banɗaki ko na baranda, sai ka ga rufin wannan ɓangaren ya faɗa ƙasa, ya karya layin sauran. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta yi. Gyaran shi ne a bar bangon duka a tsayi ɗaya, a saukar da silin ɗin kawai a matsayin abin da aka rataya a ƙarƙashi.

Yanzu bari mu yi lissafi tare, irin wanda kafinta zai yi a bayan katako da fensir. Gida mai faɗin mita 10, rufi mai gangara biyu. Daga bango zuwa tsakiya mita 5. In gangara digiri 15 ce, ƙololuwa za ta tashi mita 1.34 sama da kan bango. In 25 ce, mita 2.33. In 35 ce, mita 3.5. In 45 ce, mita 5 cif, wato rufin ya fi ɗakin da ke ƙarƙashinsa tsawo nesa ba kusa ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne rufi kamar yadda yake hawa ciki haka yake sauka waje. Leɓen da ya fito santimita 60 a digiri 25 yana sauka santimita 28 ƙasa da inda ya bar bango. Wanda ya fito santimita 90 a digiri 35 yana sauka 63. A digiri 45 kuwa 90 ɗin gaba ɗaya yake sauka. To in kan bangonka yana mita 2.85, ka cire 90, leɓen rufi ya dawo mita 1.95, alhali saman ƙofa da taga yana mita 2.10. Rufi ya rufe wa taga ido, dogon mutum kuma sai ya sunkuya zai shiga baranda, tun ma ba a buga fesha ba, wato katakon da ke rufe bakin leɓe. Kafinta in ya zo ya tarar da haka, abu biyu zai yi: ko ya yanke leɓen ya bar bango a rana da ruwa, ko ya ɗora guntayen katako a kan bango ya ɗaga rufin. Na biyun ya fi haɗari, zan zo kansa in na zo maganar iska.

Shi ya sa nake cewa ɗalibaina su fara daga leɓe su hau, kada su fara daga ƙololuwa su sauko. Ka tsayar da inda kake son ƙasan fesha ya tsaya, ka kulle wannan lambar, sannan ka yi wasa da gangara. Kowace manhaja mai kyau tana ba ka damar kulle ɗaya ka motsa sauran. In gidan yana da ɓangarori masu faɗi dabam-dabam, kada ka tilasta wa ƙololuwarsu su yi daidai. Da gangara ɗaya, faffaɗan ɓangare dole ya fi siriri tsawo, kuma haka ya kamata ya kasance. In ka matsa sai sun daidaita, gangararsu za ta bambanta, leɓunansu su saɓa, a kusurwa fesha ɗaya ta hau kan ɗaya. A hoto ba a cika lura ba. A bakin aiki nan ne ruwa zai fara shiga.

Iyayenmu magina, yanzu ku nake wa magana, kuma ku gafarce ni. Ku ba da milimita kuke aiki ba, da layin bulo kuke yi. Linta, sai layi biyu ko uku a kai, sai a kira kafinta. Wannan hanya ce mai kyau, kuma laifin mai zane ne in bai fassara muku lambobinsa zuwa gare ta ba. Amma bulon kasuwa ba ɗaya ba ne. Wani inci 9 ne tsayinsa, wani inci 8, gwargwadon injin da ya buga shi, kuma kaurin simintin da kowane magini ke sawa a tsakani ya danganta da hannunsa. Bambancin santimita 2 da rabi a layi ɗaya ba a bakin komai yake ba. A layi 13 ya zama santimita 32 da rabi. Saboda haka ƙanina mai zane, kafin ka rubuta tsayin bango, ka je inda mai gida zai sayi bulo ka sa tef ka auna. Kai kuma baba magini, in aka ce mita 3.10 kan bango, a auna da tef daga alamar sifili, kada a ce ai layi goma sha uku ne kullum.

Mu ɗauki misalin ɗaki. Saman ƙofa mita 2.10. Linta ta ci santimita 22 ko 23. Layi uku a kai, kowane kusan 25, kan bango ya kai wajen mita 3.08. A buga silin a mita 3. Hajiya ta ce tana son POP mai hawa biyu da fitilu, ya ci santimita 20, saura 2.80. Fanka ta rataya ta ci wajen 40, fukafukanta suna mita 2.40. Lafiya lau. Yanzu a ce an yi tsimin layi ɗaya, kamar yadda ake yawan yi in kuɗi ya fara ƙarewa. Fukafukan sun sauko wajen mita 2.15. Namiji matsakaici in ya ɗaga hannu zai sa fugu ko babbar riga, yatsunsa sun kai nan. An yi tsimin bulon layi ɗaya, an sayi haɗari na shekara arba'in. A manhaja, sa POP ɗin da fankar a zane bai fi aikin minti biyar ba, amma 'yan kaɗan ne ke yi.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi damun kowa a garin nan. A watan Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40 a inuwa, kwanon rufi kuwa ya fi haka nesa. Mutane sun ɗauka cewa in rufi ya yi tsawo ɗaki zai yi sanyi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tsayin silin yana taimakawa, domin iska mai zafi sama take taruwa, kuma silin mai zafi in ya yi nisa da kanka ba ka jin gashinsa sosai. Tsayin ƙololuwa kuwa, in an toshe ko'ina, zafi kawai yake tarawa ya riƙe har tsakar dare yana sauke wa masu barci. Abin da ke aiki shi ne iska ta shiga ta ƙarƙashin leɓe ta fita ta sama, a sa raga saboda jemagu da ɓeraye, in da hali a shimfiɗa takardar alminiyam mai mayar da zafi a ƙarƙashin kwano.

Wanda ya nuna wa duniya wannan maƙwabcinmu ne. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wajen Tenkodogo, ba nisa sosai da iyakarmu ta Bawku. Makarantar firamaren da ya gina wa ƙauyensu, wadda aka gama a 2001, bangonta na bulon ƙasa ne, silin ɗinta ma na ƙasa, sai ya ɗaga kwano sama da silin a kan ƙafafun rodi, ya bar tsakani a buɗe iska na ratsawa, ya kuma fito da leɓen sosai ya rufe bango. Ginin ya sami lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan sana'a. Yanayin Gando da namu kusan ɗaya ne. Abin da nake so ku lura, a irin wannan gini tsayi biyu ne, na silin dabam, na kwano dabam, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce dabarar. In za ka zana shi a manhaja, kada ka bari ta manna maka su wuri ɗaya. Ka buɗe wa kowanne nasa matakin, ka ba shi suna da lamba.

Rana ma tana da nata hukunci a kan tsayin leɓe. Tamale tana wajen digiri 9 da ɗigo 4 arewa da tsakiyar duniya. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana tsayawa daidai bisa kai. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take bi, sauran shekara kuma ta kudu. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, tana digiri 57 sama da ƙasa ta wajen kudu. A ranar, leɓe mai santimita 60 yana ba da inuwar santimita 92 daga bakinsa zuwa ƙasa. In bakin yana mita 2.60, inuwa ta sauko har 1.68, ta rufe saman taga. In aka ɗaga shi zuwa 3.30 saboda son gida ya yi kwarjini, inuwa ta tsaya a 2.38, taga duka tana rana. Wanda ya ƙara tsayin bango dole ya ƙara faɗin leɓe, in ba haka ba ya yi asara. Bangon gabas da na yamma kuwa leɓe ba ya tsare su, domin rana a kwance take zuwa musu. Sai baranda, ko darbejiya da mangwaro. Manhaja za ta nuna maka duk wannan inuwa a kowace rana ta shekara, da sharaɗin ka gaya mata inda kake. Revit in ba ka sauya ba yana ɗauka kana birnin Boston na Amurka. Inuwar da kake nuna wa Alhaji ta wata nahiya ce.

Yanzu iska. Babu wanda ya yi damina biyu a Arewa bai ga aikinta ba. Hadarin farkon damina yana tasowa daga gabas a Afrilu da Mayu, da iska mai ƙarfi kafin ɗigon farko, washegari jami'an hukumar agajin gaggawa ta NADMO su fito ƙidayar gidaje da azuzuwan makaranta da suka kwana a buɗe. Iska ba tura rufi take yi ba kawai, zuƙarsa take yi sama. Tana gudu a bisansa tana ja, in ta sami taga ko ƙofa a buɗe ta shiga ta tura daga ciki, kuma ta fi cizo a kusurwa da leɓe. Rufi mai kwanciya sosai, zuƙar tana kama shi gaba ɗaya. Mai tsayi sosai kuma ya zama bango a gaban iska, musamman in an ɗora dogon bulo mai kusurwa uku a gefe ba tare da ginshiƙi ba. A ganina, ga gidan ƙasa na kwano a garin nan, gangara tsakanin digiri 20 da 30, mai zuba ta fuska huɗu, ita ta fi zama lafiya. Amma ko wace gangara aka zaɓa, rufi yana tsira ne da ɗaurinsa. Katakon kan bango ya zauna a kan ɗamarar kankare, rodi ko ƙarfen ɗauri ya fito daga cikin kankaren ya naɗe rafta. Ga inda kuskuren tsayi ke zama kuskuren rai: in kafinta ya ɗaga rufi da guntayen katako don ya gyara abin da zane ya ɓata, rodin da magini ya bari ba zai kai ba, sai a dogara da ƙusa. Duwatsu da bulon da kuke gani an jera a kan kwano a unguwanninmu shaida ce cewa mai gida bai amince da ɗaurin ba.

Kuɗi ma yana magana. Rufin da ya rufe murabba'in mita 150 a ƙasa, a digiri 15 yana cin kwano kusan murabba'in mita 155, a 25 kusan 166, a 35 kusan 183, a 45 kusan 212. Katako ma haka, kuma kun san katakonmu daga kudu ake ɗoro shi a mota. Dogon rufin nan da ake kwaikwayo daga Accra da Kumasi da Abuja, me yake saya maka? A Turai dusar ƙanƙara ce ta sa shi. A ɗakunan 'yan'uwanmu Dagomba masu rufin ciyawa akwai dalili mai ƙarfi, domin ciyawa in ba ta miƙe ba ruwa zai jiƙa ta ya ruɓar. Kwano ba ya jiƙa. Wanda ke da kuɗi yana son ado, ba zan hana shi ba, amma a gaya masa ado yake saya. Hular da ta fi kai girma ba ta ƙara wa kai komai.

Ɗaya gefen kuma shi ne ɓoyayyen rufi, wanda yanzu yake tashe, a ɗaga bango ya zagaye kwano har ba a ganinsa daga waje. A nan lissafin tsayi ya fi tsanani. A gida mai faɗin mita 10, gangara biyu ta digiri 10 tana tashi santimita 88. Gangara ɗaya ta digiri 7 daga wannan bango zuwa wancan tana tashi mita 1.23. Bangon dole ya wuce haka. Don kada bulo ya yi yawa sai a riƙa kwantar da kwano, har ya gaza abin da kamfanin da ya yi shi ya yarda, ruwa ya riƙa komawa ta mahaɗa. Kowane irin kwano da iyakar kwanciyarsa, a tambayi mai sayarwa kafin a zana. Sannan magudanar kankare da ke ciki tana cika da ƙurar hunturu da ganye da leda, ruwan farko ya zo ya rasa hanya, ya bi ta silin. Wasu na cewa ai kakanninmu ma haka suka yi soro. Haka ne, sun yi rawani a kan bango, amma sun fito da indararo yana watsa ruwa nesa da gini, suna hawa kowace shekara suna yaɓe, kuma ruwan Damagaram da Agadas bai kai rabin namu ba, mu da ke samun sama da milimita 1,000 a shekara. In za a yi ɓoyayyen rufi a Tamale, a nuna min a zane zurfin magudana, da gangararta, da wata ƙofar da ruwa zai fita waje in bututu ya toshe, kuma ƙofar ta kasance ƙasa da bakin kwano. In babu wannan, ni ba na sa hannu.

Wani ɗan abu da kusan kowa ke mantawa, a garin da ake sayen ruwa a tanka duk rani: rufi mai murabba'in mita 100 a ruwan milimita 1,000 yana karɓar lita 100,000. Ko rabinsa ka tara ka yi arziki. Amma ruwa ba ya hawa tudu. Bakin tanki dole ya kasance ƙasa da magudanar leɓe. A sa tankin a zane da tsayinsa da dakalinsa tun farko.

Masu ƙara ɗaki a tsohon gida, kamar yadda ake yi a Zango da Sabonjida da Aboabo, ku ma da ku ake. Tsohon bango ba ya daidaita, daɓensa ma haka. A je da tiyon ruwa a ɗauki tsayin kan bango a kowace kusurwa daga alama ɗaya, a shigar wa manhaja abin da ke nan, kada a ba ta abin da ya kamata ya kasance.

Duk abin da na faɗa a takarda ɗaya yake taruwa, wadda masu zane ke kira sekshan, wato zanen da ke nuna gida kamar an yanka shi daga ƙololuwa zuwa fandisho. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta neman izini kafin gini, ƙasar nan kuma tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2018, kuma sekshan yana cikin zanen da ake miƙawa. Sai dai da yawa ana yinsa ne don a cika takarda, a kwafo na wani gida a manna. Ƙannena, ku yanko shi daga ainihin gidan da kuka zana, ku rubuta a jikinsa tsayin ƙasar fili, saman daɓe, saman ƙofa, silin, kan bango, ƙasan fesha da ƙololuwa, duka daga sifili ɗaya, da gangara a digiri, ku buga shi babba ku kai wa magini da kafinta ku zauna tare kafin a zuba linta. Alhaji da Hajiya, in aka kawo muku hoto mai kyau, ku yaba, sannan ku ce ina sekshan, kada ku biya cikon kuɗi sai kun gan shi da lambobinsa.